Baƙin Garin Badamasi

Badamasi a unguwar Hindawiyya ta ƙasa mai tsarki aka haife shi, jikan wani alhaji ne daga Sakkwato da ya zo aikin Hajji bai koma ba. Mahaifinsa tasbaha da turare yake sayarwa a unguwar Misfala, ya so ɗan ya gaje shi. Badamasi kuwa ilimin sinadarai ya karanta.

Ya samu aiki a wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, inda ake wanke ƙarfe da ruwan asid kafin a yi masa fenti. Ruwan da ya rage ja ne, mai wari, a ganguna ake tara shi. Badamasi ya san akwai narkakken ƙarfe a ciki. Ya roƙi mai masana'antar, Talal, ya ba shi wani lungu. Shekaru ya yi yana gwaji, har ya fitar da wani baƙin gari wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. In ka zuba shi a gurɓataccen ruwa, sai ya kama dattin, ka kawo maganaɗisu ya janye shi duka.

Ranar da ya nuna wa ƙanwarsa Raliya a cikin kofi, sai da ta yi salati.

"Yaya, wallahi sai an san da kai."

Lungun ba shi da taga. Tari ya fara kama Badamasi, ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. Ana cikin haka Talal ya sayar da masana'antar. Sababbin masu ita suka ce ɗakin ajiya suke bukata, ba gwaji ba. Badamasi ya kai baƙin garin nasa wurare da dama. Kowa ya yaba, ya ce zai neme shi. Babu wanda ya kira.

Wata Juma'a ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Harami. Likita ya ce huhunsa ya ƙone, ba zai dawo daidai ba.

Yanzu yana gidan Raliya a unguwar Rusaifa, da robar iska a hancinsa. Ta taɓa cewa ya koya wa wani yadda ake haɗa garin, kada ya tafi a banza.

Ya daɗe yana jan numfashi kafin ya amsa.

"Halas, ya isa, Raliya. In koya wa ɗan wa, shi ma ya zauna haka?"

Ba ta sake tayar da zancen ba. Ko bene ba ya iya sauka yanzu, a zaune yake sallah.