Ranar da Adda Ta Kira Sunana

Ko na tsufa har na daina gane jikokina, abu ɗaya ba zai fita daga raina ba, wato shari'ar da aka yi mini a kan laifin da ban ji ba ban gani ba. Shekaru sun ɗan ja, na yi aure har na haihu, amma har gobe in na ji mota ta ci birki a ƙofar gida sai na leƙa na ga ko su wa ne. Duk da haka zan faɗi yadda aka yi, don yanzu ba na jin nauyin faɗinsa.

Ni 'yar fari ce. Iyayena makiyaya ne, rugarmu tana gefen Babban Duhu a ƙasar Safana. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar babana, wadda ke auren wani malamin allo a Batsari. A hannunta na tashi, a nan aka sa ni boko, har na gama sakandare na samu aiki a wani asibitin sha-ka-tafi. Aikina wanke gyambo, dafa allurai a tukunya da miƙa wa mutane ƙwayoyi. Allura kam ba a yarda in yi ba, ban kuma taɓa yi wa kowa ba.

Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Kunyar ɗan fari a wajenmu ba wasa ba ce. Adda ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In dole ta ambace ni sai ta ce "ta wajen Goggo". In na je hutu ta dama fura, ƙanwata take ba ta kawo mini, ita ta juya baya tana gyara ƙore. Ina yarinya na sha kuka a ɓoye, ina zaton ba ta sona.

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, da rani, Baba ya gangara kudu da shanu ya bar Adda da tsohon ciki. Wata rana na nemi izini a wajen aiki, na ɗauki sabulu da kanwa na shiga motar kasuwa. Ranar kasuwar Runka ce, matan ruga duk sun tafi sai da nono, yara sun bi maruƙa daji. Da hantsi na yi sallama, shiru. Na leƙa bukka na tarar da Adda durƙushe, ta riƙe turmi, zufa na zuba kamar an watsa mata ruwa.

"Fita," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ban fita ba. Wannan ne karo na farko da na ƙi jin maganarta. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya yi yawa, ni kuwa abin da na sani bai wuce wanda na gani ana yi ba. Na hura wuta na tafasa ruwa, na riƙe ta, ta damƙe hannuna har na daina jin yatsuna. Wajen la'asar Allah ya sauke ta, namiji. Na dafa reza na yanke cibi, na ɗaure da zare, na gyara wurin tsaf. Tana kwance fuskarta na kallon zana ta ce, "Kada a ji." Na gane. Mace a rugarmu takan haihu ita kaɗai ba a ji ko nishinta ba, balle a ce 'yar farinta ce ta karɓi haihuwarta. Kafin mata su dawo na kama hanya, aka bar maganar a kan ita kaɗai ta haihu.

Ashe a wannan yinin, a bayan rumfunan kasuwar Runka, wata mata mai farar riga da ɗan akwati tana yi wa mutane allura. Aka kawo mata wata yarinya mai zazzaɓi ta soka mata a ɗuwawu. Wurin ya kumbura, ƙafar ta shanye. Da aka tambayi mutane kamanninta suka ce fara ce siririya, kamar Bafulatana, kuma da gani ta yi boko. A duk yankin mu nawa ne haka? Ga shi ban je aiki ba ranar, an kuma gan ni a motar kasuwa.

Ina tsakiyar wanke wa wani tsoho ƙafa 'yan sanda suka zo. A gaban marasa lafiya aka fita da ni, hannuna duk kumfar sabulu. A caji ofis kofur ya tambaye ni inda nake ranar, na ce ina gidanmu. Ya ce me na je yi, wa ya gan ni? Na yi shiru. "Kada a ji" ɗin nan ta hana ni faɗa.

Kofur ɗin ba mugu ba ne, har ruwa ya ba ni. Sai dai ba ɗan ƙasar nan ba ne, Hausarsa ta bariki ce. Ya ce bari a je a tambayi uwata a huta. Aka sa ni a mota har ruga. Ya tsaya a gaban Adda, mata sun kewaye, ya nuna ni ya ce, "Mama, wannan 'yarki ce?"

Adda ta ja mayafi ta kau da kai. "Ta wajen Goggonta ce."

"Ranar kasuwar Runka tana nan wurinki?"

Can ta ce, "Mutane suna zuwa, suna tafiya."

Duk matan da ke wurin sun san kunyar ɗan fari ce. Kofur kuwa ya dube ni da tausayi ya girgiza kai. A ganinsa uwar da ta haife ni ma ta ƙi tsaya mini.

Mijin Goggo ya yi belina, aka dakatar da ni daga aiki, aka sa ranar shari'a a kotun majistare. Watannin nan ban san yadda na yi su ba. In na fita ɗebo ruwa yara su bi ni da "mai allura, mai allura". Matan da nake wanke wa 'ya'yansu ciwo suka daina amsa gaisuwata. Abinci ya ƙi shiga, na rame har zanena na zamewa. Goggo ce ta ritsa ni a ɗaki wata rana, ta tofar da goron bakinta ta ce, "Ke, ni na goya ki, na san ƙaryarki na san shirunki. Wannan shirun akwai mutum a cikinsa. Wa kike rufa wa asiri?"

Na fashe da kuka na faɗa mata. Ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Wato ke da uwarki kun zauna kuna kunya, su kuma suna share miki ɗaki a gidan yari? To in an ɗaure ki sai ta dama furar ta ba ƙanwarki ta kai miki can." Washegari ta ɗaura gyale ta tafi Babban Duhu. Ban san abin da suka yi ba. Ta dawo ranta a ɓace ta ce Adda ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Ba mu da lauya. A zaman farko uwar yarinyar ta shigo da ita a saɓe, ƙafar na reto. Wannan ƙafar na fi gani a mafarki, fiye da ankwa. Majistare, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tambaye ta ko ni ce. Baiwar Allah ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ranka ya daɗe, rigar dai irin ta 'yan asibiti ce. Fuska kuwa, hankalina yana kan 'yata." Sai kofur ya hau ya faɗi yadda ya kai ni ruga, da abin da Adda ta ce. Saje mai gabatar da ƙara ya juyo yana murmushi, ya ce wace shaida ake nema kuma, tunda uwa ta ce ba ta san inda 'yarta take ba? Majistare ya tambaye ni ko ina da mai ba da shaida. Na ce ina da ita, alhali ban sani ba.

Ranar zama na biyu ina tsaye a akwatin masu laifi aka kira shaidata. Shiru. Masinja ya sake kira. Sai ga Goggo ta shigo tana jan hannun Adda. Adda da ko Safana ba ta cika shiga ba, ga ta a ɗaki cike da maza, jariri a baya, mayafi har hanci. Aka rantsar da ita. Majistare ya ce mini tunda ba ni da lauya ni zan yi mata tambayoyi.

Ni in tambayi Adda? A gaban mutane? Tunda nake ban taɓa tambayarta ko ina ludayi yake ba. Na sunkuyar da kai. Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, ko gaisawa ba sa yi." Aka yi dariya. Majistare bai yi ba. Ya ajiye alƙalami ya ce da ita a hankali, "Baiwar Allah, na san abin da nake nema a wurinki yana da nauyi. Amma in kika fita ba ki yi magana ba, ba ni da abin da zan riƙe in sake ta. Wace ce wannan a wurinki?"

Adda ta sauke mayafin. Ta juyo ta dube ni, cikin idona, sannan ta faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, da irin lafazin rugarmu. Ban taɓa sanin haka yake fita a bakinta ba.

"'Yata ce," ta ce. "Ita na fara haifa. Ranar kasuwar Runka tun hantsi tana wurina har rana ta yi sanyi." Ta kwance goyo ta ɗaga jaririn. "Wannan, ita ta karɓe shi. Ita ta yanke masa cibi. Da ba ta zo ba da an binne mu tare. Ni na ce kada ta faɗa."

Wata tsohuwa a bayan kotu ta saki salati. Saje ya miƙe ya ce ai kowace uwa za ta yi wa 'yarta ƙarya, me ya hana ta faɗi haka tun farko? Adda ta ce, "Yaro, da ƙarya zan yi, da na nemi wadda zan iya komawa ruga da ita. Wannan da na faɗa, har in mutu mata za su riƙa nuna ni." Saje ya zauna. Aka kira mijin Goggo, wanda ya raɗa wa jaririn suna, ya tabbatar ranar suna ta faɗo a kan kasuwar Runka ta gaba. Majistare ya yi rubutu mai tsawo, ya ɗago ya ce bai same ni da laifi ba, an sallame ni.

Ban ji sauran ba. A waje, ƙarƙashin dalbejiya, na je na durƙusa gaban Adda ina kuka. Har ta mai da mayafinta. Ta dubi Goggo, ba ni ba, ta ce, "A ce wa ta wajenki ta riƙa cin abinci, ta rame." Goggo ta ce, "Oho, mun koma gidan jiya ke nan!" Ina hawaye ina dariya.

An mai da ni aiki. Mai allurar ba a kama ta ba har yau, yarinyar kuwa da sanda take tafiya, nakan gan ta in an kawo ta shan magani, uwarta takan gaishe ni kanta a ƙasa. Adda ba ta sake kiran sunana ba, ban kuma sa rai ba. Sau ɗayan ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne, kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, ba kuma zan yar da ita ba. Amma baƙo ba ya jin abin da shirunmu ke faɗi, abin da ya ji da kunnensa shi yake ɗauka. In magana ta kai ga za a zalunci mutum, a ajiye kunya a faɗi gaskiya tun ranar farko, in an gama a ɗauki abar a ci gaba. Na kuma gane cewa wanda bai kira sunanka ba, ba lallai ne ya manta da shi ba. Yanzu ina da tawa 'yar farin. A gaban mutane "ke" nake ce mata, kamar kowa. In muka rage mu biyu a ɗaki kuwa, sai in kira ta da sunanta, in sake kira, har ta juyo.