Gishirin Goshi

Tun ƙanwata tana goye muke yi mata tsiya da gishiri. In ta yi zufa, Innarmu takan sumbaci goshinta ta yatsine fuska ta ce, "Wagga ɗiya, ran da miya ta yi lami ita za mu tsoma ciki." Mu yi ta dariya. Kallabinta ma in ya bushe sai an ga farin zane a bakinsa. Tari kuwa ba ta rabo da shi. Ta sha maganin tarin fuka har ta gaji, ga ci kamar gara, amma jikin ko alama.

Da aka aurar da ita a garin Ceberu, ta samu ciki, ni nake raka ta awo a nan Gwandu, don tafiya kaɗan ke sa ta haki. A can muka haɗu da wata likita mai bincike, wadda ke zuwa daga jami'a a Kalgo tana neman masu cikin da tarinsu ya ƙi jin magani. Ta daɗe tana jujjuya yatsun ƙanwata, masu kumburarrun kawuna, sannan ta dube ni.

"Hajiya, da tana ƙarama, in an sumbace ta ana jin gishiri?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, tari muka kawo miki, ba miya ba. Wa ya kai miki zancen gidanmu?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "An taɓa yin wani mai irin haka a gidan?"

An yi. Wanda ke bi mini, namiji, tari ya tafi da shi tun ba a yaye shi ba. Inna in ta tuna shi takan ce shi ma ɗan gishiri ne, Allah ya jiƙan rai.

Likitar ta ce zato take yi, sai an gwada zufa za a tabbatar, kuma gwajin ba a nan kusa yake ba. Ta kira ciwon sistik faiburosis. Majina ce ke yin kauri ta toshe huhu da hanji, gishirin jiki kuma ya riƙa fita ta zufa. An ɗauka ciwon Turawa ne, in ji ta, shi ya sa ba a nemansa a jikinmu. Gado ne, kuma ba ya kama yaro sai ya ɗauko ta wajen uwa da uba duka.

"Mijinta ɗan'uwa ne?"

Ƙanwata ta dafa cikinta ta ce, "Ɗan baffanmu ne."

Likitar ta ajiye biro.

Daga nan muka zama 'yan hanyar Kalgo. Ta koya mini bubbuga bayan ƙanwata da safe don majina ta taso, ta ce a ƙara mata mai da gishiri a abinci. Ƙanwata ta roƙe ni kada in gaya wa Inna. Ta ce tsohuwa ta binne ɗaya, a bar ta ta ga jika da farin ciki. Na yi faɗa, na yi masifa, amma na rufe bakina.

Allah ya sauke ta, da ƙyar, aka samu mace. Likita ta ce in jaririyar ta yi ƙwari a kawo ta a shirya gwaji. Ƙanwata ta dawo gida wanka. Ni da ita mukan ɗauki yarinyar, mu yi mata wasa, mu shafa kanta, amma babu wadda ta taɓa kai baki goshinta. Ba mu taɓa yin zancen ba. Tsoro muke ji, ni dai na san tsoro nake ji.

Wata rana da bazara, gab da arba'in, muna zaune a rumfa zafi ya hana kowa motsi. Inna ta kwance jikarta daga zani, ta ga goshin ya yi laima, ta ɗaga ta sama tana yi mata kirari. Na buɗe baki in ce ta miƙo ta, ban samu ba. Ta riga ta sumbace ta.

Ta lashe leɓe, ta fashe da dariya, ta juya wajen ƙanwata.

"Kai, masha Allah! Ke, ba ki yi asara ba. Wagga ma gishirin uwarta ta ɗauko."