Ranar da na hana baƙo tuwo a Landan

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai ya sa har irinmu muke hawa jirgin sama, babban ɗana ya kai ni Landan in yi wa matarsa zaman jego. Akwai maƙwabcinsu, baƙin mutum ɗan Afirka ta Kudu, mai ladabi. Ba ya jin Hausa, ba na jin Turanci, amma tuwona ya fahimce shi sarai.

Wata Asabar bayan azahar ɗana ya ce mu je gidan wasan kwaikwayo na Aldwych kallon wasa. Aka kashe fitilu, aka janye labule. Sai ga Turawa maza da gajerun wanduna sun kewaye garwashi suna juya nama, matansu na zaune sun miƙe ƙafa. Na ce, "Ikon Allah, mahauta ne?" Ɗana ya ce, "A'a Inna, al'adar Turawan Afirka ta Kudu ce, braai suke ce mata."

Can na hango maƙwabcinmu a cikin 'yan wasan. Shi ya kawo itace, shi ya hura wuta, sannan ya koma bayan shinge ya tsaya. Suka ci suka side yatsu. Wani dogo mai jan gemu ya ɗaga tsoka ya nuna masa, ya wurga wa kare. Mutane kuma suka hau tafi! Ni dai a garinmu ko mahaucin da ya fi kowa rowa, in ka tsaya kansa yakan yanka maka ɗanɗano.

Washegari maƙwabcin ya zo cin abinci, kuma wa zan gani a bayansa? Mai jan gemu, yana ta washe baki. Na mayar da murfin tukunya. Na ce, "Wannan ba zai ci tuwona ba."

"Haba Inna, wasa ne fa."

"Da idona na gani. Karen ma wasa ne?"

Ɗana ya fassara. Baturen ya sunkuyar da kai. Maƙwabcin ya ture kwanonsa ya ce a gaya mini, "Mama, in kin hana shi, ni ma ba zan ci ba. Abin da kika gani haka yake a ƙasarmu. Wannan kuwa don ya zauna da irina a bakin wuta ɗaya danginsa suka yafe shi. Tare muka gudo."

Na ɗauki marar kwasar tuwo. Na zuba musu a kwano ɗaya, na tsaya a kansu har sai da na ga hannun maƙwabcin ne ya fara kai wa nama.

Har yau kaina bai warware ba, jikokina. Mutum ya tsere wa wulaƙanci, ya ƙetare teku, sannan kullum ya sa abokinsa ya sake yi masa shi a gaban jama'a. Ɗana ya ce don duniya ta gani ne. To, duniyar ta gani, ni kuwa na ji ta tana tafi.