Ruwan Jegon da Rana Ta Dafa

Wata Asabar a farkon damina, shekarar da wayar hannu ta shigo Abuja, na tashi na tarar da Baba a kan rufin kwanonmu a Orozo. Yana nannaɗa baƙar mesa a cikin akwatin katako, ya rufe da gilashin wata tsohuwar taga da ya samo a Gwarinpa inda yake walda, ya saka bakin mesar a durom. Umma na da tsohon ciki, ƙirjinta kuma ba ya shiri da hayaƙi. A haihuwar baya, hayaƙin itacen dafa ruwan wankan jego ne ya kai ta asibiti, numfashi na fita da ƙyar. Baba ya rantse wannan karon rana ce za ta dafa ruwan.

Ni aka ɗora wa gadin sama, in riƙa duba ko hadari zai tare rana, ban kuwa ƙara zama wuri ɗaya ba. Ina shara ina ɗaga kai, ina wanke-wanke ina ɗaga kai. A makaranta ƙawaye suna 'yar gala-gala, ni ina gefe ina harar hadari. Da an tashi sai in sheƙo gida in dafa durom in ji ko ya ɗau zafi.

Aka haifi ƙanena, Kaka mahaifiyar Umma ta iso daga Katsina da ƙullin kanwarta. Ta dubi mesa, ta dubi Baba, ta taɓe baki. "Ruwan da wuta ba ta taɓa ba? 'Yata ba ta jego da wannan." Ta sa aka hura murhu. Tun itacen bai kama sosai ba Umma ta fara tari daga ɗaki. Baba ba ya iya musu da surukarsa, ya tsaya yana murza hula. Ni kuwa tsoro ya hana ni kunya, na tari ruwan durom a bokiti na dire gabanta yana tururi. Ta tsoma yatsa, ta fizge da sauri. Can ta ɗebo garwashi guda da cokali ta jefa ciki, ya yi cuu.

"To, yanzu wuta ta taɓa shi. Ke 'yar nan, kashe murhun."

Haka ta riƙa yi kullum da garwashin kaskon turarenta har aka yi arba'in, Umma ba ta leƙa asibiti ba.

Yanzu rufin gidaje cike yake da tankuna masu sheƙi, ruwan zafi na zuba ba a nemi yardar kowa ba. Nawa jegon a famfo na yi shi, ba tari ba fargaba, ba kuma tsohuwar da za ta tsaya ta yi rigima a kaina. Ita na nema na rasa.