Jar Karsana da Motar Auta

Har yau in na ji ƙarar motar nan daga bakin layinmu a Limawa, sai raina ya ɓaci. Abin haushin kuma, da bakina na ce a sayo ta. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidanmu, shekara ashirin da wani abu ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, yaron da na goya a bayana ya zo ya yi wasa da hankalina da rana tsaka.

Mu asalinmu mutanen ruga ne, can bayan Jahun, karatun boko ne ya kawo mu Dutse. A al'adarmu, ranar suna uba kan nuna wata karsana ya ce ta jaririn ce, duk abin da ta haifa kuma nasa ne. Tawa ta hayayyafa sosai, suna cikin garken gida a hannun Baffa, ƙanen mahaifinmu, tun bayan rasuwar Baba. Ban taɓa tambayar ko su nawa ne ba, mu ba ma ƙirga shanu, kuma mace ba ta zancen nata a gaban manya. Amma akwai wata jar karsana mai farin goshi da na sa wa ido. 'Yata ta fari, wadda ke aure a Kafin Hausa, tana da ciki a lokacin, na kuwa ƙudurta a raina cewa karsanar nan ta abin da za ta haifa ce. Ban gaya wa kowa ba. Ta yaya zan faɗa? 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na kamawa, balle in buɗe baki in yi maganar cikinta. In aka ce min tana laulayi, sai in kau da kai in tambayi yadda ake sayar da gero.

Autan gidanmu kuwa ya samu a harkar riɗi shekara biyu a jere, sai idonsa ya rufe. Wata ranar Asabar ya shigo min da hantsi, ya zauna a kan tabarma kamar mutumin kirki, ya miƙo min waya. Hotunan motoci biyu ne, iri ɗaya, masu ƙofa biyu da kujera biyu, cikinsu kamar zai shafi ƙasa, irin waɗanda ake tsere da su. Ɗaya sabuwa ce fil a leda, sai an yi odarta daga Legas. Ɗayar 'yar Kwatano ce, an riga an hau ta a waje. Wai ya kasa zaɓa, kuma tunda ni ce a matsayin uwa gare shi, ba zai yi komai ba sai da shawarata.

Na dube shi sama da ƙasa. Na tambaye shi inda matarsa da 'ya'yansa uku za su zauna, ko a kan rufi zai ɗaure su. Na ce motar da ko buhun gero ba za ta ɗauka ba, kuma in ta ga ramin farko a hanyar ruga sai ta zauna ta yi kuka, mene ne amfaninta? Ya yi ta dariya yana cewa Adda kenan, haka yake kirana da yake ni ce babbar yayarsa. Ya san ni sarai. Ya san in aka ce ana neman shawarata, kaina kumbura yake yi. Kafin ya tashi na yarda zan je in ga tsohuwar da idona.

An kawo ta daga Kano, an ajiye ta a wani fili kusa da tasha. Na tafi da Auta da bakaniken maigidana, wani dattijo marar son surutu. Dillalin kuwa bakinsa bai huta ba tun da muka sauka daga adaidaita. Wai wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa. Na ce masa tsohuwar da za ta iya lanƙwashe gwiwa ta shiga wannan akwatin ai ba tsohuwa ba ce. Bakanike ya buɗe ƙofa ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga busasshiyar laka da tsatsa, ga warin rima ya bugo mu. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya taso ya ce ruwa ya taɓa cinye ta, kuma an yi mata walda a wuri biyu.

Maimakon dillalin ya ji kunya, sai ya juya ga Auta ya ce ai da ma ba a zuwa cinikin mota da mata, su launi kawai suke gani. Kai! Nan na manta da cewa ni malama ce. Na wanke shi tas a gaban 'yan tasha, na ce masa macen nan ta koyar da waɗanda suka fi shi hankali, ya je ya sayar wa kifi motarsa tunda ta saba da ruwa. Ina cikin wannan zafin na juyo kan Auta.

"In dai sai ka yi haukan nan, ka yi shi da kyau. Sayi sabuwa, ko me za ta ci."

"Adda, kin amince?"

"Na amince. Sau nawa zan faɗa?"

Abin da ban sani ba shi ne, kuɗin riɗinsa da nasa shanun sun ishe shi tsohuwar ne kawai. Sabuwar sai an haɗa da nawa. Wannan ita ce shawarar da yake nema tun farko, amma bai taɓa furta kalmar saniya a gabana ba. Washegari ya tafi ruga ya gaya wa Baffa cewa Adda ta ce a sayi sabuwa ko me za ta ci, kuma a cike da nata.

Bayan kwana biyu Baffa ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili. Muka yi ta gaisuwa, ya tambayi maigida, ya tambayi makaranta, ya tambayi mutanen Kafin Hausa. Na ce duk lafiya lau. Sai ya ce, "Babu wani labari?"

Na san labarin da yake nufi. Kunya ta rufe ni, na ce, "Babu, Baffa, sai alheri."

Ya ce to shi ke nan, Allah ya yi albarka.

Sai da aka yi mako biyu na ji. Matar Baffa ta zo asibiti a Dutse, ta biyo ta gidana da ɗan man shanu a kwano. Tana zama ta hau sa min albarka, wai ba kowace 'yar uwa ce za ta ba da shanunta kaf saboda ƙanenta ba, wai duk ruga ana zancen zumuncina. Wallahi ban san yadda na raka ta bakin ƙofa ba. Da safe na shiga motar Jahun, daga can na hau babur.

Na samu Baffa a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi kamar ba abin da ya kawo ni, idona kuwa yana kan garke. Babu ja mai farin goshi. Shi ya fara magana, bai ko dube ni ba. Ya ce ya ji labarin cikin tun da daɗewa, kuma ya lura da yadda nake tsayawa wajen karsanar nan duk zuwan da na yi. Ya ce ranar da motar shanu ta zo, ya bar ta a turke har aka gama loda sauran, shi ya sa ya kira ni. Da na ce masa akwai labari, ko kalma ɗaya, da ya riƙe ta ko Auta zai yi birgima. Amma shi ba zai tambayi 'ya a kan dukiyarta ba, ba kuma zai ƙaryata ɗa a kan maganar yayarsa ba.

Na so in yi ihu. Na so in ce masa Baffa, kai da ka gane, me ya hana ka riƙe ta kawai? Amma ƙanen ubana ne. Na ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, na tashi. A kan babur na yi kukana, mai babur yana ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Ranar da motar ta iso, Auta ya kawo min ita in sa albarka. Ta kasa hawa tudun rage gudu na bakin layinmu, sai can ya bar ta ya tako da ƙafa, jama'a sun kewaye ta suna ɗaukar hoto. Na ja shi ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na gaya masa ba zai rubutu ba. Na kira shi maci amana, na ce ya sayar da abin da Baba ya nuna da hannunsa don ya sayi abin da ko layin gidana ba ya iya shiga. Ya sunkuyar da kai har na gama.

"Adda, ai ba ki taɓa maganarsu ba. Na ɗauka ba su dame ki ba. In riɗi ya yi kyau zan saya miki wasu."

Zai saya min wasu. Kamar kwanukan miya! Ɗan ruga ne fa, ya san saniyar kasuwa ba ta zama jikar saniyar sunana. Na buɗe masa ƙofa na ce ya fita kafin in yi abin da zan yi nadama.

'Yar tawa ta haifi 'ya mace, aka kawo ta gidana wankan jego, a nan aka yi taron suna. Ni uwar 'yar fari, wurina ƙuryar ɗaki, ba na fita ba na magana. Ina ciki na ji guɗa. Auta ne ya sa aka kawo wata farar karsana daga kasuwa, aka ɗaure ta a ƙofar gida, aka ce kyautar jaririya ce daga wurinsa. Mata suka riƙa shigowa suna ce min na yi sa'ar ƙane, ina cewa amin, haƙorana a datse.

Da la'asar, da mutane suka ragu, na kasa daurewa. Na shiga ɗakin mai jego, abin da ban yi ba tun da aka kawo ta sai in za a ba ta kunu. Na zauna a bakin gado, na ɗauki jaririyar, na gaya wa uwarta komai. Na ce tun cikin yana ƙarami na ajiye wa 'yarta jar karsana daga cikin nawa, kullum da ita nake kwana a rai, ban faɗa ba, aka sayar.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta tambayi komai a kan karsanar ba.

"Inna, ashe kin damu? Wata tara ina jira ki tambaye ni yaya jikina."

 Na gyara wa jaririyar zani, na tambayi uwar ko ruwan wankan bai yi mata zafi da yawa ba.