Ƙofar Gareji da Irin Albasar Tsohonmu

Ƙanena ne ya kashe irin albasar da mahaifinmu ya bar mana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Ya kware abin da na rufa wa ƙofar gareji don kare zafi, ya kulle irin a ciki da tsakiyar bazara, ya sa makulli a aljihu ya koma Abuja. Na faɗa tun daga farko ne don kada wani ya ce ina kwana-kwana.

Wanda ba manomi ba zai ce ai albasa ce, a kasuwar Aliero har tuntuɓe ake yi da ita. To, akwai albasar sayarwa, akwai uwar iri. Duk shekara in an gama cira, tsohonmu kan zauna a gindin tari yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya matsa wuya, ya duba ɓawo, ya shinshina. Wadda ta yi masa sai ya jefa ta bayansa. Waɗannan ake ajiyewa har bayan damina, a binne su, su yi fure, a karkaɗe baƙar ƙwayar da za a shuka. Tamu ja ce jawur, wuyanta siriri, tana wata shida a ajiye ba ta yi laushi ba. Tsoho ma gadonta ya yi wurin nasa uban.

Saboda albasar nan aka cire ni daga makaranta a Jega ina aji biyu na sakandare. Tsoho ya ce ɗaya ya tsaya ban ruwa, ɗaya ya yi boko. Ni ne babba, na tsaya. Kafin wannan abin ban taɓa yi wa ƙanena gori a kai ba, ko sau ɗaya, Allah shaida.

Ajiyarmu a rudu take, wato ɗan dakali na kara a kan sanduna, a rufa masa ciyawa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Rudun tsoho yana bayan gari, a filin da ya faɗo cikin rabon ƙanena da aka raba gado. Da ya tashi gini, a nan ya yi. Gida mai kyau, ban hana shi ba. Har da gareji, ga ƙatuwar ƙofar ƙarfe tana fuskantar yamma.

Ranar da aka zo rushe rudun, ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaya, kada ka damu. Ga gareji nan. Motata sai Salla da Salla take zuwa. Zuba irinka ciki, ka huta da ɓarayi ma.”

Maganar ɓarayi ce ta ja ni, don a bara an kwashe wa maƙwabcina rudu guda. Amma da na sa tafin hannu a ƙofar nan bayan azahar, sai da na yarfe shi. Ana iya soya ƙwai a kanta. Na ce masa ƙarfen nan zai dafa mani iri, sai fa in na yi masa sutura. Ya yi dariya ya ce, “Yi mata har da rawani in ka ga dama.”

Na tafi Jega wurin masu casar shinkafa na kwaso ɓuntu, ƙaiƙayin da suke zubarwa. Na cusa shi a buhunan algarara, na bi da basilla layi-layi kamar mai ɗinkin katifa don kada ya zube ƙasa. Na ɗaure buhunan a bayan ƙofar daga ciki, babu inda ƙarfe ya leƙo. Daga waje kuma na kafa sanduna na rataya zana riɓi biyu, na bar taƙi ɗaya tsakaninta da ƙofar, don rana ta ƙare a kan ciyawa, iska kuma ta ratsa. Ƙarƙashin ƙofar akwai tazara kamar yatsa huɗu, na bar ta yadda take. Kwana biyar na yi ina wannan aiki. Da na gama, ƙarfe uku na rana na shiga na kwanta a ƙasa, har barci ya ɗauke ni.

A ciki na yi wa uwar irin dakalin kara na shimfiɗa ta. Ƙwayar da na karkaɗe a shekarar kuma tana cikin gorar tsoho, na rataye ta a ƙusa gefen ƙofa. Duk abin da ya rage na irin nan a duniya yana cikin ɗakin nan.

Mai gadin gidan wani dattijon Bafillace ne daga Kuberi, wanda shanunsa suka ƙare ya shigo gari. Na ba shi makulli na ce kullum da hantsi ya buɗe ƙofar ta sha iska, in rana ta take ya mayar.

Ya ce, “Kai Kaɗo, ni da na yi kiwon shanu ɗari, yau ni ne makiyayin albasa?”

Na ce, “Ita dai ba ta shiga gonar kowa, Baffa, ba za ta kai ka gaban alƙali ba.”

Bayan sati biyu na faɗi da babur a hanyar Maiyama. Akuya ta gitta, na kauce mata, ƙafata ta karye a ƙauri, wayata ta tarwatse. Aka kai ni wurin wani maɗori a Andarai. Mutumin nan ba ya wasa, ya ce in na taka ƙasa kafin kwana arba'in, in nemi wani ya gyara. Na kwanta a zaurensa ina kallon azara.

Ina can ƙanena ya zo ya yi walimar shiga sabon gida. Bai samu ya leƙo ni ba, wai baƙi sun yi yawa, amma ya aiko mani da kula biyu, shinkafa da naman rago. Na ci, na ba maɗori ya ci. Har na ce masa, “Ka ji ƙamshin hayaƙi? Wannan dahuwar itace ce, ba ta gas ba.” Na sa wa ƙanena albarka da bakina cike da shinkafar.

Ranar da aka kwance mani ɗori, ko gida ban biya ba. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni sabon gida. Tun daga kwana na hango ƙofar, sai na ɗauka mun ɓata layi. Babu zana. Babu sanduna. An shafe ƙofar da baƙin fenti yana ta ƙyalli, an zana mata furanni ruwan zinare. Na sauka da sandata, na tsaya. Sannan warin ya iso.

Mai gadi na ganina ya miƙe daga tabarma, bai tsokane ni ba, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Na ce, “Baffa, ina zanata?”

Ya ce, “Alhaji ya sa an cire. Ya ce manya na tahe, za a ɗauki hoto, ba shi son a ga ƙohwar gidanai kamar garken awaki.”

“Buhunan ciki fa?”

“Dut an kwance. Mai fenti ya ce ba shi iya aiki da su.”

“To kai mi ya hana ka buɗewa da hantsi?”

Ya nuna mani kwaɗon da ke ƙofar. Sabo fil, ƙato, ba nawa ba. Ya ce Alhaji ya ajiye kujerun walima da janareta a ciki, ya canza kwaɗo ya tafi da makullin. Na duba ƙasa, tazarar yatsa huɗun nan ma an kawo mai walda ya toshe ta da fallen ƙarfe, wai ƙadangaru na shiga.

Ya ce, “Wallahi na gaya mai akwai albasa ciki. Ya ce ya sani, ai albasa ba ƙanƙara ba ce da za ta narke. Na je gidanka na gaya wa iyalinka, ta ce a rufa maka, in ka ji za ka taso da karyayyar ƙahwa.”

Gaskiyarta, da na taso. Da rarrafe ma da na zo.

Na ari guduma a maƙwabta na fasa kwaɗon. Da muka ja ƙofar, zafin da ya bugo mu sai da mai gadi ya ja da baya yana salati. Kwana ashirin da wani abu ɗakin nan yana rufe, baƙin ƙarfe na shan ranar yamma yana juye ta ciki. Dakalin kara ya lotsa. Albasar ta zama baƙin kunu, ruwanta ya gangaro har ƙarƙashin kujerun, tsutsa na iyo a ciki. Na durƙusa da ƙafa ɗaya ina tonawa da hannu, ko zan sami guda mai tauri. Duk wadda na ɗaga sai ɓawo ya zo hannuna, cikin ya zube. Na tona tun daga wannan bango har wancan. Ko ɗaya.

Ban yi kuka ba. Na zauna ne kawai a cikin ruwan, na kasa tuna yadda ake tashi.

Can na ce, “Baffa, zanar da sandunan suna ina? In kwashe abina.”

Ya ce itacen masu girki ya gaza ranar walima, sai aka ce ga sanduna nan jibge, ga zana ta kunna wuta. Da su aka dafa shinkafar.

Na tuna kula biyun nan, da ƙamshin hayaƙin da na yaba. Na juya na yi amai a gindin ƙofar.

Saura gora. Na sauko da ita, jikinta ya yi gumi, ƙwayar ciki ta dunƙule tana warin funfuna. Duk da haka na ɗebi kaɗan na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye gindin randa, yadda tsoho yake gwada iri. Mai rai kwana biyar yake ya fito da farin baki. Na ba shi kwana goma. Na sake ɗiba daga ƙasan gorar, na ba shi wasu goma, ko ɗaya bai tsiro ba. Na bi duk wanda na san tsoho ya taɓa ba shi iri, har Sarandosa na je a kan ƙafar nan. Kowa ya ce ya daɗe da haɗe nasa da na kasuwa.

Ban kira ƙanena ba. Wannan ba maganar waya ba ce. Na jira Babbar Salla.

Ya iso saura kwana uku. Washegari da la'asar na ɗauki gorar na tafi. Ina shiga layin na ga ƙofar garejin a wangale, mutum biyu da ban sani ba suna aiki a kanta. Na matsa. Farin soso ne mai kauri suke yankawa, suna shafa masa gam suna mannawa a bayan ƙarfen, sannan su bi shi da wata leda mai ƙyalli. Daidai inda buhunana suke. Layi-layi, babu inda ƙarfe ya leƙo.

Na tambayi ɗaya daga ciki aikin me suke yi. Ya ce, “Maganin zafi ne, Baba. Daga Kaduna aka ɗauko mu tun wancan satin. Alhaji ya ce ɗakin nan tanda ne, in mota ta wuni ciki kujerun fata sai su tsage.”

Ashe ya sani.

Sai ga shi ya fito cikin farar shadda, waya a hannu. Ya ce, “A'a, Yaya! Ya ƙafa? Wallahi na ji abin da ya faru da albasar nan, ban ji daɗi ba. Amma kada ka damu, na taho maka da iri na gwangwani, ɗan waje, an ce ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Yana cikin but ɗin mota.”

Na nuna ƙofar da sanda na ce, “Wannan fa?”

Ya ce, “Ai ka ga wannan shi ne na zamani. Tsaf, ba ƙazanta. Da ka yi haƙuri ma da irin shi zan sa maka.”

Masu aikin sun dakata suna kallonmu. Mai gadi ya juya baya yana gyaran tabarma da ba ta buƙatar gyara. Na miƙa wa ƙanena gorar. Ya karɓa bai san ko mece ce ba, sai da ya ga igiyar fatar da tsoho ya ɗaura mata a wuya, sannan fuskarsa ta canza.

Na ce, “Ka gane ta? To buɗe ka shinshina. Wannan ita ta saya maka littafi, ita ta ɗinka maka kayan makaranta, ni ina cikin taɓo ina ba ta ruwa. Ubanmu ya riƙe ta har ya mutu bai bari ta yanke ba, ubansa ma haka, kai ka dafa ta cikin sati ukku don a ɗauki hoto. Da ka ce mani ba ka san zafi na kisa ba, da na ce boko ne ya rufe maka ido, in yi haƙuri. To ga shi ka ɗauko mutane tun daga Kaduna don kujerar mota. Ka riƙe gwangwaninka, ba ni shuka shi a fadamar tsoho. Gorar kuma ka rataye ta cikin garejin, ƙusarta na nan gefen ƙofa, yanzu ai ya yi sanyi. Kuma jibi in ka yanka ragonka, kada ka aiko mani da nama. Na ci abincin gidan ga sau ɗaya, ya ishe ni.”