Ni Na Je Neman Allurar Sinawa, Taubashina Ya Same Ta

Mun tashi daga Ƙarfi da idar da sallar asuba, ƙasa na da sauran danshin ruwan da aka kwana ana yi. Masu tambayata yadda tafiyar Funtua ta kasance, ga bayani daki-daki, kuma da dalilin tafiyar zan fara, don ba na son magana ba kai ba gindi.

Tun farkon damina ƙafafuna suka kumbura, daga idon sawu har gwiwa. In na danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Na sha jiƙo, wanzami ya yi mini ƙaho, babu sauƙi. Ga masarata ta kusa isa huɗa, ni kuwa tun da na mallaki shanun noma, hannuna ne ke riƙe garma a gonata. Sai na ji labarin wani matashi a Funtua da ya yi karatun maganin gargajiya a ƙasar Sin, yana soka wa mutane allurai sirara kamar gashi, ruwan jiki ya sauka. Na bincika unguwar, na tanadi guzuri, na sa rana.

Abokin tafiyata ba ni na gayyace shi ba. Taubashina ne, ɗan gwaggona, tela a bakin kasuwa. Shi ma wai idon sawunsa kan ɗan tasa da yamma in ya wuni kan keken ɗinki, kumburin da sai ka matso kusa za ka gani. Zare da yadi zai saro a Funtua. Na same shi a bakin titi yana jirana, ya ce, "Bawa, ina za ka ba ubangida?" Haka muke kiran juna tun muna yara, kuma har yau ba a daidaita wane ne bawan ba.

Na biya kuɗin mutum biyu a gaba don in miƙe ƙafa. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi bara, direba ya ce in tambayi masu gidan mai. A tashar Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, har mai tuyar ma ba ta yi gardama ba da na faɗa.

Daga nan zuwa Bakori gonaki ne dama da hagu, masara ta yi duhu, ga dawa, ga waken suya, jefi-jefi ga auduga. Ban ji daɗin kallon ba. Duk inda na waiga sai in ga wani a bayan shanu, har da wani tsoho da na tabbata ya girme ni, ya naɗe wando yana taka laka kamar saurayi. Na dubi ƙafafuna a kan tabarmar mota, na kawar da kai.

Da hantsi muka isa wurin matashin. Shago biyu aka haɗa, da labule a tsakani da benci a waje. Wurin tsaf yake, wannan na yaba. A bango akwai zanen jikin mutum da layuka da ɗige-ɗige, kamar taswirar filaye. A layi na tarar da wata Hajiya mai ciwon gwiwa, da wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran babur, haifaffen Funtua, yana ba da labarin yadda bayansa ya saki da Hausar da ta fi tawa gudu.

A kan bencin na tsara maganata. A wurin wanzami, gwargwadon ciwonka gwargwadon ƙahon da za a kafa maka. Na ɗauka nan ma haka ne, wanda ya fi bayani shi zai fi samun allura.

Da na shiga, matashin ya gaishe ni da ladabi. Ya sa yatsu uku ya ji bugun jijiya a wuyan hannuna na dama, sannan na hagu. Ya ce in fito da harshe. Ya danna ƙafa. Ya bayyana mini cewa a fahimtarsu, kumburi danshi ne da ke kwanciya a jiki idan saifa da ƙoda suka yi sanyi, allura da ɗumi kuma su ke zaburar da su. Sai ya ce in faɗi abin da nake ji.

Na jero masa. Na farko, kumburin ƙafa biyu ne, kuma yana hawa sama. Na biyu, in na taka daga gida zuwa masallaci sai numfashi ya ƙare. Na uku, ba na iya kwanciya sai na tara matashin kai, in ba haka ba tari ya tashe ni. Ina cikin na huɗu na ga ya mayar da fakitin alluran da ya ɗauko.

Ya ce, "Baba, yau ba zan soka maka ko ɗaya ba. Wannan sai babban asibiti, a duba zuciya da ƙoda, kuma yau ɗin nan. In likita ya amince daga baya, ka dawo."

Na ce, "Yaro, daga Ƙarfi fa na taso."

Ya ce, "Ko daga Makka ne, Baba."

Ina fitowa taubashina ya ce tun da an zo, bari shi ma a gwada. Bayaninsa duka bai wuce kalma uku ba: ƙafa ce, Malam. Aka ji hannu, aka dubi harshe, aka yi masa 'yan tambayoyi, sai ga shi a kan gado. Labulen bai rufe duka ba, don haka na ga komai. An soka masa a ƙasan gwiwa, an soka a saman idon sawu ta ciki, an soka a ciki kusa da cibiya. Aka kunna wani dunƙulen ganye mai ƙanshin tazargade ana kewaya masa ƙafa da ɗuminsa. Na jira in ji ya yi ƙara, ko sau ɗaya. Sai na ji minshari. Mutumin da zare ya kawo shi yana barci da alluran da na yi mako da makonni ina mafarki, ni kuma ina benci da ƙafafu kamar turmi. Hajiyar nan ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ya dace."

Daga nan muka hau babur zuwa asibiti. Gaskiya ɗaya ce, taubashina shi ya riƙe mini layi, shi ya karɓo kati, shi ya yi ta hawa da sauka ina zaune. Amma a guje yake yi, yana ɗaga ƙafa da gangan in ya zo gabana. Aka auna jini aka ce ya hau sosai. Aka yi gwaje-gwaje, likita ta ce zuciyata ce ta gaji, shi ya sa ruwa ke taruwa. Ta ba ni ƙwayoyi, ciki har da mai sa fitsari, wadda ta ce in fara da safe. Ta hana gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Na tambaye ta garma. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce bana dai a'a.

Da la'asar muka kamo hanya, bayan taubashina ya saro zarensa. A tasha ya sayi balangu, ya sa aka barbaɗe shi da yaji da gishiri, ya buɗe takardar a bayan kujerata. Ya ce, "Bawa, bismillah. Au, na manta." Ni da gasasshiyar masara na dawo, ita ma ba gishiri.

Kafin Bakori ya ce, "Direba, a tsaya, maganin Sinawa ya fara aiki." Ya tsuguna bayan wata gona ya daɗe. Bayan Bakori ya sake. Fasinjoji suka fara tambayarsa unguwar da shagon yake, yana kwatance kamar shi ya gano wurin. Ko allura ce, ko shayi da ruwan leda da ya wuni yana sha, Allah ne masani. Abin da na sani, ban taɓa zaton zan yi shekaruna haka ina ƙyashin fitsarin wani ba.

Mun iso gida ana kiran magariba. A ƙofar masallaci ya naɗe wando, jama'a suka haska fitilar waya suna neman gurbin allura. Ni aka ce mini sannu da hanya.

Abin da tafiyar ta koya mini uku ne. Na farko, ba kowane kumburi ne iri ɗaya ba, mai kumburi da ƙarancin numfashi ya fara da asibiti kafin wanzami ko allura. Na biyu, mai maganin da ya iya cewa wannan ba nawa ba ne ya cancanci yabo, na yaba masa, ko da yake raina bai gama hucewa ba. Na uku, kada ka tafi neman magani da taubashi.

Kumburin ya fara sauka da ƙwayoyin, alhamdulillahi, amma masara ba ta jira. Shekaranjiya da sassafe na ji ana kwance shanuna. Na fito na ga taubashina, ya ɗaura tsohon wando, ya ce ubangida ya zo taimakon bawansa. Aka ajiye mini kujera a gindin ɗorawa, na ɗora ƙafa a kan kututture. Daga nan na wuni ina kallon tela a bayan shanuna, yana taka lakar gonata da ƙafafunsa marasa nauyi, kunyoyin suna tafiya a karkace kamar hanyar maciji. Na yi masa tsawa har muryata ta dushe. Da ya gama na yi masa godiya, don wajibi ce.